Hamstar ɗiyata ta mutu, ko mu sayi wata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Kawun ɗiyata ya kawo mata hamsta daga Yawunde, wato ƙaramar dabbar nan mai kama da ɓera wadda ke ɓoye hatsi a kumatu. Zawo ya kama ta, gindin wutsiyarta ya jiƙe, ta daina cin abinci, ba a jima ba ta mutu. Yarinyar ta nace sai an sayo wata. Mene ne shawararku? Daga wata uwa a Garwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah Ya ba yarinya haƙuri. Alamomin da kika zayyana sun yi kama da wata cutar hanji da ta fi kama ƙananan hamsta bayan wahalar tafiya ko sauyin wuri, kuma takan kashe su cikin kwana biyu ko uku idan ba a garzaya wurin likitan dabbobi ba.

Abin da ya fi damunmu shi ne zafin Garwa. Wannan dabba, wadda asalin mafi shaharar irinta ƙasar Siriya ce, ta fi sakewa a yanayin da bai wuce digiri 24 ba, alhali a watan Maris da Afrilu garinku yakan haura digiri 40, ga ɗaukewar wuta. Idan babu ɗaki mai sanyi tsayayye, ra'ayinmu shi ne ku haƙura, ko ku nema wa yarinyar zomo, wanda shi ma sai da inuwa da ruwa wadatacce.

Idan kuwa kun yanke shawarar saye, a zubar da tsohuwar shimfiɗar, a wanke kejin da ruwan zafi da sabulu, a sayo guda ɗaya kacal domin hamsta irin na Siriya faɗa suke yi in an haɗa su. A kuma gaya wa yarinya tun farko cewa hamsta ba ta cika wuce shekara biyu zuwa uku ba.