Tsohuwar na'urar ganguna ta SR-16 za ta wadatar da mai haɗa waƙa a gida?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a unguwar Zariya, a nan Maradi, ina rubuta waƙoƙi ina rerawa a ɗakina. Yayana da ya bar sana'ar kiɗa ya ba ni na'urar buga ganguna ƙirar Alesis SR-16, amma babu adaftarta. Abokaina sun ce zamaninta ya wuce, in sayar in koma kwamfuta. Shin za ta yi mini amfani, musamman a kiɗa irin namu na Hausa?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena. Shawarata ita ce kada ka sayar, amma kafin mu shiga zancen kiɗa, akwai gargaɗin da ya kamata ya riga komai. Wannan na'ura tana aiki da wuta mai ƙarfin volt 9 nau'in AC, alhali yawancin adaftocin da ake sayarwa a kasuwa masu volt 9 nau'in DC ne, kuma bakinsu na iya shiga ramin daidai har mutum ya zaci ya dace. Ka karanta rubutun jikin adaftar da idonka, kada ka dogara da maganar mai shago. Haka nan idan ka samu ta asali a cikin kayan gwanjo, ka duba ko an yi ta ne don wutar Amurka mai volt 120, domin wutarmu ta Nijar 220 ce, kuma nan take za ta ƙone in ba a sa mata taransifoma ba.

SR-16 ta fito a shekarar 1990, ɗauke da sautuka 233 da maɓallan bugu 12 masu jin ƙarfin yatsa, wato idan ka taɓa a hankali sautin ya fito a tausashe, idan ka danna da ƙarfi ya fito da kaifi. Tana da zubin kiɗa 50 da kamfani ya shirya, da wasu gurabe 50 da aka bar wa mai ita ya zuba nasa. Gaskiyar abokanka guda ce: ba a iya loda mata sabon sauti, saboda haka ba za ka taɓa jin kalangu ko kotso na ainihi daga cikinta ba. Inda suka yi kuskure shi ne zaton cewa tsufa ya hana ta riƙe lokaci, alhali wannan shi ne babban aikinta, kuma har gobe tana yin sa ba tare da kuskure ba.

Abin da ke sa matasa su yanke mata hukunci da wuri shi ne, suna kunna zubin kamfani, su ji kiɗan Turawa, su kashe. Waɗancan zubi an tsara mafi yawansu ne a kan raba kowane taku gida biyu ko huɗu, alhali kiɗanmu da yawa, daga kiɗan ƙwarya na mata zuwa gangar noma, yana tafiya ne a kan raba taku gida uku. Wannan rabon ne ke ba shi rangajin da ke sa kafaɗa motsi. Don haka ka buɗe gurbi marar komai, ka sa tsawonsa taku 4, sannan ka je wurin da aka rubuta Quantize, wato inda ake zaɓar yadda za a raba taku, ka mayar da shi 1/12. Da ka yi haka, zagaye ɗaya ya zama gida goma sha biyu, kuma a nan ne za ka gina kiɗanka.

Ga misalin da za ka fara da shi. Ka sa babbar ganga a gida na 1, 4, 7 da 10, ita ce ƙafar mai rawa. Ka ɗauki konga mai siririyar murya ka sa ta a gida na 1, 3, 5, 7, 9 da 11. Yanzu bugu huɗu da bugu shida suna tafiya tare, suna haɗuwa suna rabuwa, kuma kunnen duk wanda ya tashi a ƙasar Katsina ko Gobir zai gane wannan zance tun kafin a yi masa bayani. Sai ka cike gidajen duka da kacau-kacau, amma kada ka buga su da ƙarfi ɗaya. Ka nauyaya na farkon kowane uku, ka sassauta biyun da ke biye. A ganina rashin wannan bambancin ƙarfi, ba tsufan na'ura ba, shi ne ke sa kiɗan inji ya fito a sandare. Kowane zubi kuma yana da fuska biyu, A da B, tare da ɗan juyi na shiga tsakani, saboda haka ka ba baiti A, ka ba amshi B.

Game da kalangu, ban yarda a yi ta wahalar kwaikwayonsa da konga ba. Muryar kalangu tana hawa tana sauka ne saboda makaɗi yana matse tsarkiya a hammatarsa yana saki, yana bin karin harshen Hausa, kuma na'urar ba ta da hanyar lanƙwasa sauti a tsakiyar bugu. Maradi ba ta rasa makaɗa ba. Ka shirya gindin kiɗan a na'ura, ka gayyato mai kalangu ya saurara ta abin kunne ya ɗora nasa a kai, ka biya shi haƙƙinsa. Zama ɗaya da shi zai koya maka inda ya kamata ka rage bugu domin ka bar masa fili.

Ba sai ka zaɓa tsakaninta da kwamfuta ba. A bayanta akwai ramukan fitar da sauti guda huɗu, don haka kana iya ware babbar ganga ta fita ita kaɗai, ka ɗauka a manhaja irin Audacity, wadda kyauta ce, ka gyara nauyinta daban. Idan kana da fiyano mai ramin MIDI, wato ramin da na'urorin kiɗa ke aika wa juna saƙo ta cikinsa, waya mai ƙusa biyar za ta haɗa shi da na'urar su yi tafiya a gudu ɗaya.

Saura kulawa. A cikinta akwai ɗan batiri da ke riƙe abin da ka zuba bayan an kashe ta, kuma a na'urar da ta daɗe haka yana iya yin sanyi. Ka gwada: zuba kiɗa kaɗan, cire wuta, ka duba washegari. Idan ya ɓace, ka kai wa mai gyaran rediyo da ya iya aikin dalma ya sauya shi. Ko da batirin lafiyarsa lau, ka riƙa rubuta lambobin gidajen kowane zubi a littafi. Lokacin hunturu kuma ka rufe ta da ƙyalle duk sa'ad da ka tashi, domin ƙurar da ke shiga ƙarƙashin robar maɓallai ita ce ke sa su daina amsawa, kuma idan aka ɗauke wuta ka zare adaftar daga bango har sai ta dawo ta daidaita.