Amsa kan kiwon kifin pacu a Jos

Assalamu alaikum, ɗan'uwa. Ka ce ka sayi ƙaramin pacu mai jan ciki, kana tambaya ko tankin gilashi mai lita 200 zai ishe shi, da kuma abin da za ka ciyar da shi.

Gaskiya wannan tanki ba zai ishe shi ba, sai dai na ɗan lokaci. Asalin kifin nan daga kogunan Amazon da Orinoko ne a Kudancin Amurka, kuma dangin piranha ne, wani kifi mai kaifin haƙora, amma haƙoransa masu faɗi ne kamar na mutum, domin da su yake fasa 'ya'yan itatuwa da ƙwaya masu faɗawa ruwa idan kogi ya yi ambaliya ya shiga daji. Yana iya wuce santimita 60, yana kuma iya rayuwa fiye da shekara 20, saboda haka a ganina tafkin siminti ne ya dace da shi, ba falo ba.

Abincinsa ba wahala: ayaba, gwanda, karas, latas, dafaffen wake da abincin kifi na kanti. Kada ka dasa ciyawa a tankin, cinye ta zai yi.

Babbar matsalarka ita ce sanyin Jos, musamman lokacin hunturu, domin kifin yana buƙatar ruwa mai ɗumin digiri 24 zuwa 28. Ka sa na'urar ɗumama ruwa, ka kuma kare ta, saboda idan ya firgita yakan bangaje ta har ta fashe.