Ciyawar roba a tsakar gida a Ajah: amsa ga Hajiya

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin ce kun tare a sabon gida a Ajah, tsakar gidan ƙasa ce, da an yi ruwa sai caɓi, kina son shimfiɗa ciyawar roba saboda yara amma kina tsoron laimar Legas ta ruɓar da ita ko ta riƙa wari. Ni a Badore nake, kusa da ku. Tawa ta ci damina huɗu, kuma sau biyu na biya kuɗin aiki, don haka ba labari aka ba ni ba.

Ita ciyawar ba ta ruɓewa, roba ce. Abin da ke ƙarƙashinta shi ke ɓata komai. Karon farko a kan daɓen siminti aka sa mini. Wani mai aiki ya zo cikin Janairu, ya shafa gam ya manna, kafin la'asar ya gama, muka sha hotuna. Da watan Yuni ya kama sai asiri ya tonu. Bayan ciyawar akwai 'yan huji da ruwa ke bi ya sauka, to amma ya sauka ya tafi ina? Daɓen ba shi da gangare. In ka taka sai ka ji caɓal, ruwa ya fito ta tsakanin yatsunka. Bayan sati biyu tsakar gidan ta ɗau wari irin na wankin da aka manta a bokiti, gansakuka ta kama jikin katanga, sauro kuwa sai ka ce mun gayyace su. Da ruwa ya ɗan tsagaita a Agusta muka ɗaga ta, abin da na gani a ƙasa baƙi ne mai yauƙi, har da tana.

Karo na biyu muka fasa daɓen gaba ɗaya. Aka haƙe ƙasa kamar santimita 10, aka shimfiɗa wani ƙyalle mai hana ciyawar gaske tsirowa amma ruwa na ratsa shi, aka zuba tsakuwa, sannan garin dutse a sama, aka bi da injin daddaɓewa har sai da wurin ya yi tauri kamar hanya. Kada ki yarda a ce miki za a daddaɓe da bulo ko da ƙafa, damina ɗaya zai yi kwazazzabai. Kuma ki tsaya a kansu su ba shi gangare, ko da santimita 1 zuwa 2 ne a kowace mita, ya nufi kwata. Ni da kaina na kwara bokiti uku na tsaya ina kallon inda ruwan ya bi kafin na bari a kawo ciyawar. Wannan yanki namu na Lekki da Ajah ƙasarsa yashi ce, ruwa kuma yana kusa, ko rami kaɗan aka haƙa da damina sai ya tsatso. Duk wanda ya ga ambaliyar Yulin 2017 ya san abin da nake faɗi. In layinku yana cika har ruwa ya shigo ta ƙofar gida, a fara ɗaga tsakar gidan tukuna, ciyawa ta jira.

Wajen saye, ki juya bayanta ki duba, kada koren ya ruɗe ki. Robar da ake shafa wa bayanta iri biyu ce: akwai mai bayan latex, akwai mai bayan polyurethane. Ta biyun ta fi jure laima, ta fi tsada kuma. Ki murza gashin da hannu, in ya zubo ki bar musu abinsu. Ki tambaya ko an yi ta don rana, domin akwai masu arha da don ado cikin ɗaki ko wurin biki aka yi su, ranar Legas kan koɗar da su. Tsawon gashi milimita 30 zuwa 35 ya ishi gida; mai tsawo sosai ta fi kyau a ido amma tana daɗewa ba ta bushe ba. Faɗinta yawanci mita 2 ne ko 4, to a auna wurin yadda haɗi zai yi kaɗan, kuma duk yankin da za a haɗa gashinsu ya kwanta gefe ɗaya, in ba haka ba sai ki ga kala biyu. Gam ba ya kama jiƙaƙƙen wuri, shi ya sa rani ya fi dacewa da aikin, daga Disamba zuwa Fabrairu. Ƙusoshin da za a kafe gefe da su a nemi waɗanda ba sa tsatsa. Iskar teku da ta cinye mana ƙofar gida ba za ta ƙyale ƙusa ba.

Abin da masu sayarwa ba sa faɗa shi ne zafi. Da azahar in rana ta take, ƙaramin yaro ba ya iya taka ta ba takalmi. Autana ya taɓa rugowa da kuka yana ɗaga ƙafa, tun daga ranar sai bayan la'asar suke fita, ko a watsa ruwa tukuna. Garwashi ɗaya daga kurfoti ya isa ya yi mata tabo, haka hayaƙin janareta in yana hura ta kusa. A bar wa murhu da janareta wurinsu da intalok, wato ƙananan bulon da ake jerawa a ƙasa. A kuma bar murfin sokawe yadda za a iya ɗagawa, kada ranar da masu kwashewa suka zo a sa mata wuƙa.

Shara kuwa da buroshi mai tauri, ana komawa da gashin baya don ya miƙe, kuma a kwashe ganye kafin ya jiƙe ya manne, musamman inda inuwa take. Sai maganar ragon layya. Bara na ɗaure nawa a gefenta kwana biyu kacal, ya yi ta fizgar ta yana tofarwa, fitsarinsa kuma sai da muka yi sati muna wankewa da omo kafin uwargida ta yarda a sake shimfiɗa tabarma a wurin. Bana can ta bayan gidan na ɗaure rago, nesa da ita.