Kwana bakwai ba sa ɗaukar ƙasa biyu

Wa'alaikumus salam, Malam. Na karanta tambayarka tun da safe, aiki ne ya hana ni amsawa sai yanzu. Ka ce hutun mako ɗaya kacal ofis ya ba ka, kana so ka fita da uwargida da yara uku karo na farko, kuma ranka ya rabu tsakanin Masar da Turkiyya, har kana tunanin a haɗa biyun a tafiya ɗaya tunda ko ta yaya sai an kashe kuɗin jirgi. Ni ma da wannan lissafin na fara kafin mu je Alƙahira, babban birnin Masar, a Disamban 2023, don haka bari in gaya maka abin da idona ya gani.

Kafin komai, ɗauki biro ka ƙirga kwanakin nan da gaskiya. Daga nan Katsina babu jirgin da zai kai ka waje in ba lokacin aikin Hajji ba, dole ka gangara Kano, kusan kilomita 170. Ka bi ta Charanchi, Kankia, Gidan Mutum Ɗaya, Tsanyawa, Bichi, da yara a mota, wannan yana jin fitsari wancan yana jin yunwa, ga cunkoson shiga gari, ga awa uku da ake so ka isa filin jirgin Malam Aminu Kano kafin tashi. Yini ɗaya ya tafi. Dawowa ma haka. Ranar da kuka sauka kuwa ba ta da amfani, kowa barci yake nema. Ka ga bakwai ta koma huɗu, in Allah ya taimaka huɗu da rabi. A cikin huɗun nan ne kake so ka sake ɗaure kaya, ka sake bin layin shige da fice, ka nemi biza ta biyu ga mutum biyar? Taura biyu ba ta taunuwa. Zaɓi ƙasa ɗaya, a cikin ƙasar ma gari ɗaya.

Abin da ya sa muka zaɓi Alƙahira shi ne akwai jirgi kai tsaye daga Kano, tafiyar wajen awa biyar, babu sauka a wata ƙasa a zauna jiran wani jirgin. Wanda bai taɓa zaman jira a filin jirgi da ɗan shekara biyu ba ba zai gane darajar wannan ba. Bambancin lokaci kuma awa ɗaya ne a lokacin sanyi, biyu a lokacin zafi, don haka barcin yara bai rikice ba. Ga kiran salla ko'ina, ga abinci ba sai ka tsaya tambayar halal ne ko a'a ba. Abu ɗaya: fara duba ranakun da jirgin yake tashi, sannan ka cika takardar hutu a ofis. Ni na yi akasin haka, sai da na koma ina roƙon a matsar mini da kwana biyu.

Takardu su ne inda mutane ke faɗuwa. Kowane yaro da fasfonsa, har jariri, kuma ba a yin fasfo sai da lambar NIN, wato yaran ma sai an yi musu rajista tukuna. Naka fasfon ka buɗe shi yau ka duba, in saura ƙasa da wata shida ya mutu to sabunta shi. Bizar Masar tun daga gida ake nema, ofishin jakadancinsu yana Abuja, kada wani ya ce maka ka tafi kawai za a buga maka a can. Sai katin rigakafin cutar shawara, wanda ake ce wa yalo kad. Allurar sau ɗaya ake yi a rayuwa, amma katin ba ya fara aiki sai bayan kwana goma da yin ta, kuma ba a yi wa jaririn da bai kai wata tara ba. Mu autarmu ce ta kusa tsayar da tafiyar, domin mun ɗauka katin asibitinta na rigakafi ya wadatar, ashe katin tafiya daban ne. Saura mako biyu muka farga. Ka ba kanka wata uku don takardu, kuma kada ka sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito.

Yanzu garin. Alƙahira ba Katsina ba ce da za ka tashi daga Ƙofar Ƙaura ka isa Ƙofar Marusa kafin shayi ya huce. Mutanen da ke garin da kewayensa sun haura miliyan 20, kuma wurin da taswirar waya ta ce minti ashirin yana iya cin awa guda. Dokar da muka kafa bayan wahalar rana ta farko ita ce babban wuri ɗaya da safe, a dawo masauki bayan azahar a kwanta, da yamma a fita kusa.

Ranar dala, wato manyan gine-ginen fir'aunoni da ke Giza (yarana har yau suna dariyar yadda kalma ɗaya ta zama dutsen Kano, ta zama kuɗin Amurka, ta zama kabarin Fir'auna), ku fita da sassafe. Babbar cikinsu, ta sarki Khufu, ta kai shekara 4,500, kuma tsayinta na asali mita 146 ne. Hoto ba ya nuna girmanta. Babban ɗana, da yake ta cika baki a mota cewa zai hau har ƙololuwa, da ya tsaya gaban dutse ɗaya na layin ƙasa ya ga ya kusa kai masa kafaɗa, sai ya yi tsit ya kama hannuna. Hawa ma an hana. Shiga ciki kuwa ban ba ka shawara da ƙananan yara ba, hanya ce ƙunci, a sunkuye ake tafiya, ga zafi. Masu raƙuma za su yi maka caa. Mu da muka taso muna ganin raƙumi a kasuwar Mai'aduwa da Charanchi ba abin mamaki ba ne, amma yara sai sun hau. Yi ciniki tun ƙafarsu tana ƙasa, ka faɗa a fili cewa kuɗin na hawa ne da sauka da hoto, na yara duka, kuma da kuɗin Masar. Ni ban yi haka ba, sai da yara suna can sama mai raƙumin ya tuna cewa saukowa ma da kuɗinta. Kusa da wurin akwai sabon babban gidan tarihi da aka buɗe a Nuwamban 2025, bayan tafiyarmu, wanda za ka iya haɗawa da dala a fita ɗaya in yara ba su gaji ba.

Ranar da ta fi zauna mini a rai ita ce ta tsohon gari. Masallacin Azhar, da aka fara ginawa a shekarar 970, yana kallon kasuwar Khan Khalili da masallacin Husaini, duk da ƙafa ake zagawa. Muna zaune a farfajiyar Azhar, kan farin dutsen nan mai sanyi, sai na ji Hausa a bayana, wasu ɗalibai biyu suna gardama a kan darasin nahawu. Ɗaya ɗan Funtuwa ne. Shi ya raka mu kasuwa, ya hana a sayar wa uwargida abaya ninki uku. In kana da ɗan'uwa ko ɗan unguwa da ke karatu a can, neme shi tun kafin ka tashi, ya fi kowane ɗan rakiya na haya, amma ka tuna ɗalibi ne, ka sallame shi da kyau. A nan ne na ba yara labarin Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505 kuma kabarinsa yana garin, cewa daga Alƙahirar nan ya rubuta wa Sarkin Katsina Ibrahim Sura wasiƙar nasiha. Da muka dawo gida da kansu suka ce a kai su hasumiyar Gobarau, wadda muke wucewa kullum ba su taɓa tambaya ba.

Sauran kwana biyun: ganuwar Salahuddin, da aka fara a 1176, daga samanta ana hango garin duka, masallacin Amru bin Asi, na farko a Masar, da gidan tarihin Fusɗaɗ inda aka mayar da gawarwakin tsofaffin sarakuna da sarauniyoyin Masar 22 a 2021. 'Yata ta tsakiya ta ƙi shiga ɗakin gawarwakin, ban matsa mata ba. Da yamma ku hau kwalekwale mai filafilai a kogin Nilu, awa ɗaya, ba tsada. Iskandariyya na bakin teku, kilomita fiye da 200, za a yi ta kwaɗaita maka ita. Bar ta sai wani zuwan.

Ƙananan abubuwa a gurguje. Nemi gidan haya mai kicin maimakon ɗaki biyu a otal, ya fi sauƙi kuma uwargida za ta iya dama kunu da safe. Tafi da garin kunu da yaji, domin abincinsu ba yaji, kodayake yarana sun so koshari, haɗin shinkafa da taliya da wake-wake da soyayyar albasa. Ruwan gora kawai za ku sha. Sanyin Disamba da dare ya kai na hunturunmu, ɗauki rigunan sanyi. Riƙe dalar Amurka a hannu ka canza kaɗan-kaɗan, kada ka dogara da katin banki kaɗai. Ranar Juma'a da safe tituna fayau suke, ita ce ranar zuwa wuri mai nisa. Kuma duk wanda ya kawo maka saƙo a ƙulle ya ce ka kai wa wani, ko surukinka ne, buɗe shi a gabansa. Magani irin su tiramadol ɗauri ne a Masar.

Ka tsara dawowa ta zama saura kwana ɗaya cur kafin ka koma ofis. Mu mun kwana a Kano muka kamo hanya da safe, domin ba na bin hanyar nan da iyali da dare. In ka faɗi watan da hutun naka ya faɗo da shekarun yaran, zan gaya maka wace rana ta dace da wane wuri.