Jaririn da aka kasa tantance namiji ne ko mace

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Daga Talata Mafara nake. Maiɗakina ta haihu, ungozoma ta duba ta kasa cewa namiji ne ko mace. Dangi na cewa a rufe maganar, wasu na cewa shafar aljanu ce. Ga suna ya matso. Wane suna zan raɗa, kuma ya halatta a yi masa aiki a asibiti?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya raya, Ya ba mai jego lafiya. Wannan shi ne mata-maza, wanda malaman fiƙihu ke kira khunsa. Ba aikin aljanu ba ne, ba kuma alhakin wani ya kama ku ba.

Kafin maganar suna, ka kai shi asibiti yau. Ga dalili. Ɗan Adam yana da kromosom 46, wato ƙananan zarurrukan gado da ke cikin ƙwayoyin halittar jiki, biyu daga ciki ke nuna jinsi: XX ga mace, XY ga namiji. Har wajen mako na shida na ciki halittar ɗaya ce. Daga nan, idan akwai Y sai 'yan maraina su tsiro, su fitar da sinadaran homon da ke gina gaban namiji su hana mahaifa samuwa. Idan babu, halitta ta bi hanyar mace. Wani lokaci jaririya XX ce, da mahaifarta da komai, amma wasu 'yan halittu da ke saman ƙodarta suna zubo homon na maza fiye da kima, sai gabanta ya yi kama da na namiji. Wannan ne ya fi yawa, kuma yakan zo da zubar gishirin jiki: amai, ƙin nono, ramewa, har mutuwa cikin makonnin farko. Magani na hana hakan. Ɓoye jariri a ɗaka saboda kunya alhali rai na cikin haɗari haramun ne. Ka fara da asibitin tarayya na Gusau, in ta kama su tura ku Sakkwato. Kada wanzami ya taɓa shi da aska.

Malamanmu na Malikiyya sun yi hukunci da alamomin da ido ke gani: ta inda fitsari ke fita, tsirar gemu ko nono, haila ko maniyyi. Da wannan mas'ala Shehu Khalil ya rufe Mukhtasar, littafinsa na fiƙihun Malikiyya. Ba su da gwajin jini da na'urar hoton ciki ne. Da suna da su, ina ganin da sun yi aiki da su, domin abin da suke nema shi ne gusar da rikitarwa. Sai dai kromosom kaɗai ba ya yanke hukunci: akwai mai XY wadda jikinta bai amsa homon ba, ta tashi mace sak. Duka alamomin ake haɗawa.

Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmi ta duniya da ke Makka, ta zartar a 1989 cewa ya halatta a yi wa khunsa magani, da tiyata ko da homon, bisa ɓangaren da ya rinjaya. Abin da ta haramta shi ne mai cikakkiyar halitta ya sauya jinsi. Naka gyara ne, halal ne, bayan ƙwararrun likitoci sun tabbatar.

Ragon suna ɗaya ne a mazhabarmu, namiji ko mace, sai ka yanka ran bakwai. Sunan kuwa ka jinkirta shi har sakamako ya fito. In an riga an raɗa, canzawa ya halatta, Annabi (SAW) ya canza wa sahabbai sunaye. Wallahu a'alam.