Jika ɗaya da rabi, baki bakwai: mi zan dafa?

Tambaya: Assalamu alaikum malama. Daga Tahoua nike, maigidana ɗan kabu-kabu ne, jika ɗaya da rabi yake barin min na cefane kullum kuma mu bakwai ne a gida. Hatsi muna samu daga ƙauye, nama kam sai da salla. Autana wata 9, a asibitinmu na CSI an ce kilonshi bai ƙaru ba, alhali ina ba shi kunu safe da marece. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƴar'uwa, Allah shi ƙara buɗi. Tunda hatsi na ɗaka to kada kuɗin nan su tafi wajen makaroni da shinkafa, duk dangin cika ciki ne irin hatsin. Ki zuba su cikin abin da hatsi ya rasa, na farko wake. Hatsi da wake in suka haɗu cikin cimakar yini ɗaya suna cike ma juna giɓi, ginin jikin da ake nema ga nama ana samun mafi yawanshi nan. Ki jiƙa waken tun da dare, ki zubda ruwan da safe, zai nuna da wuri gawayi ya yi saura, kuma ba sai kin labta kanwa ba don kanwa mai yawa tana kashe bitamin B1. In Allah ya hore ki sayi tiya guda lokacin kaka ki rufe ta cikin bido mai murfi ƙam, ya fi awon kullum araha nesa ba kusa ba.

Sai miya. Busasshen kifi kaɗan a daka shi har da ƙaya, ga ƙuli-ƙuli, ga daudawa, albasa kuwa ku ƴan Tahoua ba a faɗa muku, Galmi na kusa. Zogale, kuka, yakuwa, tafasa, duk wanda lokacinshi ya yi, amma a zuba ɗanyen ganye daga ƙarshe kada ya tafasa har ya koma baƙi. Ni dai kuɗin dunƙulen magi uku huɗu a tukunya ɗaya suna min ciwo, mafi yawanshi ɗanɗano ne da gishiri, ki bar ɗaya sauran canjin ki sayi ƙwai. Kuma shayi bayan cin abinci nan take yana rage ma jiki ɗaukar sinadarin ƙarfen da ke ƙara jini, a jinkirta shi kamar awa ɗaya, tumatir ko lemun tsami su ne ke taimaka ma ɗaukar.

Yanzu auta, don nan ne damuwata take. Kunu sau biyu ya yi kaɗan ga ɗan wata 9, sau 3 zuwa 4 yake so, kamar rabin kofi kowane ci, da ɗan abin taɓawa a tsakani, ayaba ko dafaffen dankali. Kuma na san irin kunun da muke damawa, tsululu. Cikin yaro ƙarami ne, ruwa ya cika shi ya yi shiru ki zata ya ƙoshi. Ki ɗebo da cokali ki karkata shi, in ya zube sharr to bai yi ba, so ake ya tsaya ya sauko a hankali.

Garin kunun ki haɗa da kanki: awo uku na hatsi, ɗaya na wake ko waken awara, ɗaya na gyaɗa. Ki tsince gyaɗar da kyau, duk wadda ta yi ruɓa ko funfuna a yar da ita don tana da guba mai taɓa hanta. Ki soya kowane daban sama-sama, a niƙa, a tankaɗe. In kin dama ya dahu ki sa ƙaramin cokali na mai da ɗan garin zogale, ranar da akwai ƙwai ki dafa ki murmushe a ciki. Kwanonshi daban, don in ya zauna da yayyenshi a tire ɗaya ba abin da zai samu. Nono ki ci gaba har shekara 2, zuma kuma a bari sai ya cika shekara.

Ki riƙa komawa awo kowane wata. In igiyar awon hannu ta nuna ja, wato ƙasa da santimita 11,5, ko ƙafafunshi biyu suka kumbura, ko zawo ya ƙi tsayawa ya daina karɓar abinci, wannan tamowa ce ta wuce kunu, ki kai shi CSI ranar nan.