Coci, gidan gado da 'yan Marun: ina mawaƙan reggae suka samo muryarsu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mai sha'awar waƙoƙin reggae ne. Na ji wata hira da aka yi da Buju Banton yana cewa shi jinin 'yan Marun ne, sai na rasa ko wata ƙabila ce a Jamaika. Na kuma lura mawaƙa da yawa idan aka tambaye su inda suka koyi waƙa sai su ce a coci, ko a wajen iyayensu, alhali yawancinsu 'yan Rasta ne. Yaya abin yake?
Daga wani ɗalibi mai bibiyar wannan fili

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, na gode da wannan tambaya.

Batun gado shi ne mai sauƙi, don barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Chronixx, wanda aka haifa a Spanish Town a 1992, ɗan mawaƙi Chronicle ne. Tarrus Riley ɗan Jimmy Riley ne. Ƙungiyar Morgan Heritage kuwa 'ya'yan Denroy Morgan ne suka kafa ta a 1994. Na gidan Bob Marley ba sai an faɗa ba. Amma gado bai zama dole ba. Shi kansa Buju, wanda ainihin sunansa Mark Myrie, auta ne cikin 'ya'ya 15, an haife shi a Kingston a 1973, kuma mahaifiyarsa kasa kaya take yi a bakin titi.

Coci kam ya fi gado tasiri nesa ba kusa ba. Ɗan talaka a ƙauyen Jamaika ba shi da kuɗin makarantar kiɗa, amma duk mako yana da wurin da zai ga ganga da jita, a tsayar da shi gaban jama'a, a koya masa jan baiti da amshi da haɗa murya da ta wasu, ba ko sisi. Wanda na fi so in kafa hujja da shi Toots Hibbert ne. An haife shi a May Pen a 1942, iyayensa masu wa'azi ne a cocin Adventist, masu ibada ranar Asabar. Da ya zo Kingston a shagon aski ya yi aiki, kafin su kafa ƙungiyar Maytals shi da Raleigh Gordon da Jerry Matthias. Fayafayensu na farko a ɗakin ɗaukar waƙa na Studio One cike suke da yabon Ubangiji da labaran Littafi Mai Tsarki, kuma waƙarsu ta 1968 na cikin na farko da suka ambaci sunan reggae. Ni a kunnena, har ya rasu a 2020 Toots bai daina waƙa irin ta mai wa'azi ba: ya jefa kalma da ƙarfi, 'yan amshi su cafe, ya sake jefawa. Luciano ma haka, ɗan mai wa'azi ne daga yankin Manchester na Jamaika, cikin mawaƙan coci ya taso.

Kada ka ɗauka cocin nan na Turawan mulki ne kaɗai. Tun farkon shekarun 1780 wani baƙar fata mai wa'azin Baftis, George Liele, ya zo daga Amurka yana tara bayi yana yi musu wa'azi. Sam Sharpe, wanda ya jagoranci boren bayi na Kirsimetin 1831, dikin ne, wato mataimakin limamin coci, a cocin Baftis. Paul Bogle na boren Morant Bay a 1865 shi ma dikin ne. A 1860 da 1861 aka yi wata babbar farfaɗowar addini wadda ta haifar da majami'un da ke ibada da ganga da rawa irin na Afirka. Saboda haka da aƙidar Rasta ta ɓullo bayan naɗin Haile Selassie a Habasha a 1930, mabiyanta ba su ajiye Littafi Mai Tsarki ba, fahimtarsa suka sauya. Babila ta zama mulkin danniya, Sihiyona ta zama Afirka, Zabura ta shiga baitoci, tsoffin waƙoƙin yabo kuma aka rage musu gudu aka ɗora su kan ganga. Yaron da ya bar coci ya tara gashi, da muryarsa da ayoyinsa ya tafi.

Su kuwa 'yan Marun ba ƙabila ɗaya ba ce daga Afirka. Zuriyar bayin da suka tsere suka kafa garuruwansu a kan duwatsu ne. Abin ya kankama a 1655 lokacin da Ingila ta ƙwace tsibirin Jamaika daga Sifaniya, daga baya masu gudu daga gonakin rake suka riƙa ƙara musu yawa. Da dama asalinsu Akan ne na ƙasar Gana ta yau. A yamma, cikin ƙasar kwazazzabai da ake kira Cockpit, Cudjoe ne shugaba. A gabas, cikin duwatsun Blue Mountains, akwai Quao da jaruma Nanny, mace ɗaya tilo cikin gwarazan ƙasa bakwai na Jamaika. Sukan lulluɓe jikinsu da ganye su yi kwanton ɓauna, suna aika saƙo daga dutse zuwa dutse da ƙahon saniya mai suna abeng. Sun gajiyar da sojan Ingila har ta nemi sulhu, a 1739 aka ba mutanen Cudjoe 'yanci da fili eka 1,500, kusan shekara 100 kafin a soke bauta a tsibirin. Garuruwansu huɗu na nan har yau: Accompong, Moore Town, Charles Town da Scott's Hall. Duk 6 ga Janairu ana biki a Accompong. To ka ga dalilin da mawaƙi zai bugi ƙirji da wannan jini.

Sai dai akwai ɓangaren da ba a cika rerawa ba, kuma ba zan ɓoye maka ba. Cikin sharuɗɗan sulhun har da cewa 'yan Marun za su riƙa kamo bayin da suka gudu, su kuma taya gwamnati murƙushe bore. Sun cika alkawarin. Maharbinsu ne ya kashe Tacky, jagoran boren 1760. Sun taimaka wajen kashe wutar boren Sharpe. Su ne suka kama Bogle a 1865 aka rataye shi. Wato dikin ɗin coci da jarumin dutse, waɗanda reggae ke yabo tare, sun taɓa tsayawa a sahu biyu masu gaba da juna. Abin yana min ciwo duk lokacin da na tuna. Ban ga kuma dalilin zagin mutanen da aka yi shekaru ana farautarsu don sun karɓi sulhun da ya tsirar da 'ya'yansu ba, amma wanda zai yi alfahari da 1739 ya kamata ya san 1865. A takardar dala 500 ta Jamaika da aka fitar a 2023, hoton Nanny da na Sharpe suna gefe da gefe.

Game da kiɗan kansa, ba daga gangunan Marun reggae ya fito kai tsaye ba. Kiɗansu na Kromanti na ibada ne da kiran kakanni, sun daɗe suna ɓoye shi daga baƙi, kuma UNESCO ta karrama al'adun Moore Town a 2003. Gangunan Rasta sun fi jingina da kiɗan Burru da Kumina na zuriyar bayin Jamaika, ta hannun makaɗa irin su Count Ossie. Abin da reggae ya ɗauka daga Marun shi ne taurin kai da ƙin rusunawa.

Gangarsu ta fi yin tasiri a wannan gefen teku, wato Afirka. Bayan yaƙi na biyu tsakanin Marun da Ingila a 1795, Ingila ta kwashe 'yan Marun na garin Trelawny Town kusan 600 zuwa Nova Scotia a Kanada, sannan a 1800 aka kai su Freetown a Saliyo. Sun zo da wata ganga mai kusurwa huɗu da ake kira gumbe, wadda kiɗanta ya bazu a gaɓar Afirka ta Yamma. Cocin da suka gina a Freetown a shekarun 1820, St John's, yana nan tsaye a tsakiyar birnin.